Linzamin Wutar Lantarki: Kumbotso Ko Ɗambatta?

Duk wanda ya san garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura ya san abin da ƙonewar taransifoma take jawowa. A Ɗambatta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ran da aka ji ƙara kamar ta bindiga daga wajen falwaya, aka ga hayaƙi ya turnuƙe, to, mai injin niƙa ya san cinikinsa ya tsaya, mai walda ya koma sayen man janareta, famfon burtsatse ya ƙafe, allurar rigakafin da ke cikin firji a ɗakin shan magani kuwa sai a nemi inda za a kai ta ajiya. Daga nan sai unguwa ta shiga karo-karo, a yi makonni, wani lokaci watanni, kafin a sake ganin haske.

A 'yan shekarun nan injiniyoyin ƙasashen waje suna ta rubuce-rubuce game da wata na'ura da ke tare ambaliyar wuta kafin ta yi ɓarna, har malaman jami'o'in ƙasar nan ma sun yi lissafe-lissafe a kan yadda za ta yi aiki a manyan layukan Nijeriya. An gina ta ne da wata irin waya wadda idan aka sanyaya ta ƙwarai ba ta yi wa wutar lantarki turjiya ko kaɗan. Tun da yake ba ta da suna da Hausa, ana iya kiranta linzamin wuta, domin aikinta ke nan. Na'ura ce ta gaske, ba tatsuniya ba, kuma ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san ta. Amma fa ya kamata su san inda ta dace da inda ba ta dace ba, domin kada wata rana wani ɗan kwangila mai zaƙin baki ya kawo takarda ofis ya ce ga maganin ƙonewar taransifomar ƙauye, a sa masa hannu a kan kuɗin jama'a. Ciwon Ɗambatta dabam ne, maganinsa kuma bai kai wannan tsada ba.

Da farko dai, mene ne ambaliyar wuta? Wutar lantarki tana fitowa daga tasha, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila ko injin, ta koma. Kayan da take ratsawa su ne ke ƙayyade yawanta. Idan iska ta kaɗa wayoyi biyu suka haɗu, ko reshen darbejiya ya faɗa a kansu, ko tsawa ta fasa tangaran ɗin da ke riƙe da waya, sai wutar ta sami gajeriyar hanya wadda babu mai tare ta. Nan take sai ta kwararo kamar ruwan da ya fasa madatsa. Alal misali, taransifoma mai ƙarfin kVA 300, irin wadda ake gani a unguwanni, cikakken kayanta bai wuce amfiya 417 ba. Idan wayoyi suka haɗu a bakinta, kuma layin da ke ba ta wuta mai ƙarfi ne, abin da zai bi ta cikinta yana iya ninka wannan sau ashirin, watau sama da amfiya 8,000.

Ninkin ba a nan ya tsaya ba. Zafin da waya ke ɗauka, da ƙarfin maganaɗisun da ke fizgar naɗin wayar da ke cikin taransifoma, ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. Idan wuta ta ninka sau goma, su sau ɗari suke ninkawa. Idan ta ninka sau ashirin, sau ɗari huɗu. Shi ya sa jan ƙarfe mai kauri yake lanƙwashewa kamar kara, mai ya tafasa, tanki ya fashe.

Masu tsaron da aka saba da su guda biyu ne. Akwai fiyus, wata 'yar waya da aka auna kaurinta domin ta narke ta yanke hanya idan wuta ta wuce kima. Akwai kuma bireka, babban makunni na tashoshi, wanda wata na'urar sa ido da ma'aikata ke kira rile take ba umurnin buɗewa. Matsalar bireka ita ce lokaci. Wutar Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a cikin sakan guda, kuma tunkuɗar farko ta ambaliya, wadda ta fi kowace muni, tana isowa kafin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ya cika. Bireka kuwa tana bukatar kamar kashi shida zuwa goma cikin ɗari na sakan kafin ta gama yankewa. A idon ɗan Adam wannan ƙiftawa ce, amma a wurin taransifoma an riga an sha duka. Bugu da ƙari, kowace bireka tana da iyakar abin da za ta iya yankewa, wata amfiya 25,000, wata 31,500, wata 40,000. Ambaliyar da ta wuce wannan iyaka tana iya cinye birekar kanta.

A wannan giɓi ne linzamin wuta yake shiga, kuma asalinsa tsohon bincike ne. A shekarar 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, wani masani mai suna Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har digiri 269 ƙasa da sanyin da ruwa ke daskarewa, sai ya ga turjiyarta ga wutar lantarki ta ɓace ƙaf. Shekaru saba'in da biyar aka yi abin bai zama na kowa ba, domin irin wannan sanyi sai da ruwan iskar hiliyam, mai tsada da wuyar samu. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken kamfanin IBM kusa da Zurich, suka gano wani irin tangaran mai wannan hali a sanyin da bai kai na zaiba tsanani ba, aka ba su kyautar Nobel a 1987. A cikin 1987 ɗin kuma Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka suka fito da wani haɗin da ke rasa turjiya a wajen digiri 180 ƙasa da daskarewar ruwa. Wannan ne ya buɗe ƙofa, domin ruwan iskar naitirojin yana tsayawa a digiri 196 ƙasa da daskarewa, watau ya isa ya riƙe sabon haɗin, kuma naitirojin ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da kowa ke shaƙa.

Hikimar na'urar tana cikin raunin wayar. Wannan waya tana da iyaka uku: ta zafi, ta yawan wuta, da ta ƙarfin maganaɗisu. Da zarar an ƙetare ɗaya daga ciki, sai ta koma mai turjiya. Injiniyoyin da ke son ɗaukar wuta da ita suna ganin wannan aibi ne, masu neman tsaro kuwa suka ga abin nema ya samu. Sai aka naɗe dogon zirinta a cikin tanki mai ruwan naitirojin, aka jona shi a kan layi. A ranakun lafiya wuta tana wucewa kamar babu kome a wurin. Da ambaliya ta taso ta wuce iyakar zirin, cikin kashi ɗaya ko biyu daga dubu na sakan sai ya rikiɗe ya zama shinge, ya danne tunkuɗar farko tun ba ta kai ƙololuwa ba. Ba ya jiran rile, ba ya jiran umurnin kowa. Halittar sinadarin ce ke aiki. Sa'an nan bireka ta zo ta yanke ragowar cikin sauƙi. Bayan zirin ya huce, cikin sakanni ko 'yan mintoci, sai ya koma yadda yake, ba kamar fiyus ba wanda sai an sake sabo.

An gwada wannan a fili, ba a ɗakin bincike kaɗai ba. Kamfanin ABB ya kafa ɗaya a tashar wutar ruwa ta Löntsch a Suwizalan a 1996. Ƙasar Sin ta jona wani samfuri dabam a kan layin bolt 220,000 a Tianjin a 2012. A birnin Essen na Jamus, a 2014, an binne waya marar turjiya mai tsawon kilomita guda a tsakiyar gari tare da linzaminta. Birnin Mosko ya sami nasa a tashar Mnevniki a 2019, shi ma a kan bolt 220,000. Mai karatu ya lura da irin wuraren nan: bakin janaretocin babbar tasha, ko tsakiyar birni mai cunkoson layuka, inda wuta ta yi yawa har kayan tsaro suka kusa gazawa. Ya kuma lura cewa bayan kusan shekara talatin da gwajin farko, har a ƙasashe masu arziki ba ta zama kayan kowace tasha ba. Dalili shi ne kuɗi, da kuma sanyi.

Batun sanyin nan shi ya kamata ya tsayar da duk mai riƙe da alƙalamin sa hannu. Tankin yana bukatar injin sanyaya da ke aiki dare da rana, shekara da shekaru, shi kuwa injin wutar lantarki yake ci. A ƙasar Kano, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe kowace kafa, aikin injin ya ƙaru. Kuma kowa yana tune da watan Oktoban 2024, sa'ad da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A shekarar 2024 babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma. Linzamin da ya rasa sanyinsa ba ya tsaron kome, sai ma a kewaye shi kafin a maido da wuta. Ashe ke nan na'urar da za ta tsare wuta ita kanta tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da ƙwararrun da ba sa barin wurin.

To, a dawo Ɗambatta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a garin da ke nesa da babbar tasha, a ƙarshen dogon layi, ambaliyar wuta ba ta cika yin yawa ba. Sau da yawa ma ƙanƙantarta ce masifa. Doguwar waya ita kanta turjiya ce. Kowace kilomita tana rage ƙarfin abin da zai kwararo. Idan wayoyi suka haɗu a can ƙarshen unguwa, bayan an ja layin gidaje ya yi nisa fiye da ƙa'ida da siririyar waya, wutar da za ta bi ba ta fi 'yan ɗaruruwan amfiya ba. Wannan ya isa ya gasa taransifoma a hankali, amma bai isa ya narkar da fiyus mai kauri da sauri ba. Ina kuma ga inda babu fiyus ɗin sam? Ba asiri ba ne, a birni da ƙauye, cewa idan fiyus ya yawaita tsinkewa sai a sami wani mai ƙarfin hali ya murɗa jan ƙarfe mai kauri ya ɗaura a gurbinsa, jama'a su yi masa godiya don wuta ta daina ɗaukewa. Fiyus ɗin da aka cire yana faɗa ne cewa kaya sun yi wa taransifoma yawa. An rufe masa baki, sai taransifomar ta zama ita ce fiyus.

Mafi hatsari shi ne waya mai babbar wuta da ta tsinke ta faɗo ƙasa. Ƙasar arewacin Kano jigawa ce, kuma da rani takan bushe ƙayau. Busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta sosai, saboda haka wayar tana iya kwanciya a gona ko a bakin kasuwa da ranta, tana zubar da 'yar wutar da ba ta kai ta kayan yau da kullum ba. Fiyus bai san an yi ba. Rile ma, in ba mai jin ƙaramar yoyon wuta zuwa ƙasa ba ce, kuma an saita ta daidai, ba za ta motsa ba. Sai yaro mai kiwo, ko saniyar da aka koro kasuwa, su taka. Ƙasar nan ta ga irin abin da faɗowar babbar waya ke yi a Kalaba cikin watan Afrilun 2017, sa'ad da ta faɗa kan gidan kallon ƙwallo mutane suka rasa rayukansu. Linzamin wuta, kome tsadarsa, ba ya hana irin wannan, domin shi yawan wuta yake jira. A nan kuwa wutar kaɗan ce, amma ta isa kisa.

Har wa yau, wutar hasken rana da ke yaɗuwa a ƙauyuka tana da irin wannan hali. Na'urar da ke juya wutar faranti da batir ta zama ta gida ba ta iya bayar da ambaliyar da ta wuce ninki ɗaya da rabi ko biyu na ƙarfinta. Wanda ya sa mata fiyus irin na layin gwamnati ya zauna yana jiran ya narke, zai daɗe yana jira. Ƙananan tashoshin ƙauye suna bukatar tsaron da aka lissafta dominsu.

Saboda haka kai wannan na'ura Ɗambatta, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin da garin da makamantansa suke bukata sananne ne tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972: fiyus na ainihi mai daidai da girman taransifoma, a ɓangaren babbar wuta da na ƙarama; wayar ƙasa, wadda masu gyara ke kira atin, da aka binne da zurfi har ta tarar da danshi, ba wadda ɓarayi suka yanke aka bar gurbinta ba; abin kare tsawa a kan kowace taransifoma kafin damina; rile mai aiki da batir mai rai a ƙaramar tasha; raba kaya daidai a kan wayoyi uku; da sare rassan da suka sunkuyo kan layi. Inda gidaje da injina suka yi yawa, a ƙara taransifoma ta biyu maimakon a ƙara kaurin jan ƙarfe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar naitirojin.

Wannan ba ya nufin a watsar da maganar linzamin. Akwai inda za ta taso, kuma ba da daɗewa ba. Darasin Oktoban 2024 shi ne Arewa tana bukatar ƙarin hanyoyin shigowar wuta da ƙarin tashoshi nata na kanta. An ƙara Zungeru mai megawat 700 a kan Kainji ta 1968 da Jebba ta 1985 da Shiroro ta 1990. An ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, da niyyar gina tashoshin wuta a kan hanyarsa. A Kano ga tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Ƙaramar Hukumar Kumbotso a Janairun 2023, ga shirin samar da wuta daga madatsun Tiga da Challawa. Amma kowane janareta da aka jona, kowane sabon layi da aka ja, kowace babbar taransifoma da aka jera kusa da 'yar'uwarta, ƙarin ƙofa ce da ambaliya za ta bi ranar da aka sami matsala. Tasha irin ta Kumbotso, mai karɓar bolt 330,000 ta raba wa Kano da maƙwabtanta, in an yi ta ƙara mata ƙarfi, wata rana lissafi zai nuna cewa birekokin da aka saya tun da can sun kusa iyakarsu. Ɓarna a irin waɗannan wurare ba ta unguwa guda ba ce: fashewar wata na'urar awon wuta a tashar Jebba ran 19 ga Oktoba, 2024, ta girgiza layin ƙasa baki ɗaya.

Ko a can ma, linzami marar turjiya ba shi ne zaɓi na fari ba. Ana iya sake birekoki da manya. Ana iya raba tasha gida biyu domin kada ambaliyar ɓangarorin ta haɗu, sai dai hakan yana rage wa tasha ikon taimakon kanta idan ɓangare guda ya faɗi. Ana iya jona naɗin waya na yau da kullum mai rage ambaliya, wanda ba ya son sanyi kuma ba ya son kulawa, sai dai yana rage ƙarfin wuta kullum, ko da matsala ko babu. Fifikon sabuwar na'urar shi ne ba ta karɓar wannan haraji a ranakun lafiya. Wanda zai yanke hukunci tilas ya ɗora duka a kan sikeli, da kuɗin saye da na riƙo na shekara ashirin, da tambayar wa zai gyara injin sanyaya idan ya tsaya ran Juma'a da dare.

Nauyi ya ƙaru a kan ma'aikatan jihohi tun da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Jihar da ta karɓi wannan iko ta karɓi alhakin tsaro tare da shi. Wajibi ne kada a amince da jona wata sabuwar tasha ko babbar masana'anta sai an ga takardar lissafin ambaliya, wadda ke nuna yawan wutar da za ta kwararo a kowace mahaɗa da iyakar kowace bireka da ke wurin. Haka kuma taransifomar da ɗan siyasa ko ƙungiyar gari suka bayar kyauta, kada a kunna ta sai hukumar NEMSA mai duba ingancin kayan lantarki ta gwada atin ɗinta da fiyus ɗinta. Kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, ya dace a nemi ya riƙa bayyana wa ƙananan hukumomi yawan taransifomomin da suka ƙone a yankinsu kowace shekara da dalilin ƙonewar kowace.

Ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero, da na Wudil, da na Ahmadu Bello a Zariya, su ci gaba da nazarin waya marar turjiya. Ƙasar da ba ta da masu fahimtar na'ura ita ake sayar wa da abin da ba ta bukata. Idan har za a yi gwaji, a yi guda ɗaya, a babbar tasha kusa da jami'a, a buɗe sakamakonsa ga kowa. Amma malaman da ke raba batutuwan binciken shekarar ƙarshe su tuna cewa akwai aikin da kwamfuta ba za ta yi daga ɗaki ba. A tura ɗalibai biyu ko uku Ɗambatta da na'urar awon atin a watan Maris, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, su bi taransifomomin garin ɗaya bayan ɗaya tare da ma'aikatan kamfani, su rubuta girman kowace, da kayan da ke kanta da magariba, da abin da suka tarar a gurbin fiyus, su koma su sake awon a watan Agusta, sa'an nan su miƙa wa Ƙaramar Hukuma kwafe guda.